Zuwa Lacca Ba Sai da Motar Kanka Ba: Tambayoyi da Amsoshi kan Tafiyar Ƙafa, Keke da Haɗakar Mota

Duk farkon zangon karatu tambayoyin nan sukan dawo, daga bakin sababbin ɗalibai da kuma tsofaffin da kuɗin zirga-zirga ya fara ci musu tuwo a ƙwarya. An jero su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi, kuma kowace amsa za a iya karanta ta ita kaɗai.

Me ake nufi da sufuri mai ɗorewa, kuma ina ruwan ɗalibi da shi?

Hanyar zirga-zirga ce da za ka bi yau, ka bi gobe, ka bi har ka gama makaranta, ba ta ƙarar maka da aljihu ba, ba ta taɓa lafiyarka ba, ba ta kuma bar wa na baya gurɓatacciyar iska ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da duniya ke fitarwa wajen ƙona makamashi daga sufuri yake, kuma kaso mafi tsoka a ciki na ababen hawan kan titi ne.

Maganar ta fi dacewa da ɗalibi saboda yanayin tafiyarsa: gajera ce, kuma ita ce dai kullum. Daga masauki zuwa aji, daga aji zuwa laburare, a dawo. Tafiyar da ake maimaitawa ɗaruruwan lokuta a shekara, ɗan gyara kaɗan aka yi mata sai ya taru ya zama abu babba. Ga shi kuma shekarun jami'a ne mutum ke fara tsara rayuwarsa da kansa, abin da ya saba da shi a lokacin yakan bi shi har wurin aiki.

Cikin ukun nan, wanne ya dace da ni?

Nisa ne alƙali. Mai lafiya yakan taka kimanin kilomita 5 a awa, wato kilomita ɗaya cikin minti 12. Mai keke, ba tare da ya matsa wa kansa ba, yakan yi kilomita 15 a awa, wato kilomita ɗaya cikin minti 4. Don haka in tsakaninka da aji bai wuce kilomita biyu ba, ƙafarka ta ishe ka. Daga biyu zuwa takwas, nan ne fagen keke. Abin da ya haura haka, sai a duba motar haya, jirgin ƙasa, ko haɗakar mota.

Amma kada ka auna da gudun abin hawa kawai. Auna daga ƙofar ɗakinka zuwa kujerar aji. Mota na da lokacin da ba a lissafa mata: jiran direba, cunkoso, neman wurin ajiyewa, sannan takawa daga wurin ajiyewar zuwa ginin da ake lacca. In ka haɗa waɗannan, sau da yawa mai keke ya riga mai mota zama a tafiyar da ba ta wuce kilomita biyar ba. Gwada kowace hanya sau ɗaya a ranar da ba ka da lacca, agogo a hannu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kuma ba dole ba ne ka riƙe ɗaya ka saki sauran. Litinin keke, ranar da za ka ɗauki kaya masu nauyi mota, ranar da laccarka ta rana ce ƙafa. Kowace tafiya da abin da ya dace da ita.

Anya abin da mutum ɗaya ya yi zai rage wani hayaƙi?

Mu yi lissafi. Duk litar fetur ɗaya da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. A ɗauka motarka tana shan lita 8 a kilomita 100, kuma kana yin kilomita 10 zuwa, 10 dawowa. A rana ka ƙona lita 1.6, wato wajen kilo 3.7. In ka je makaranta kwana 150 a shekara, ka haura kilo 550, fiye da rabin tan. Ku huɗu ne a motar, rabon kowa ya sauko wajen kilo 140. Da keke ko ƙafa, salansa babu, hayaƙi babu.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba: gajeriyar tafiya ta fi doguwa ɓarna a kowane kilomita. Injin da bai yi zafi ba ya fi shan mai, kuma na'urar da ke tace hayaƙi a cikin salansa ba ta fara aiki sosai sai ta ɗauki zafi. Wato tafiyar minti biyar ɗin nan da kake ganin ba komai ba ce, ita ce ta fi ƙazanta, ita ce kuma ta fi sauƙin maye gurbi da ƙafa.

Takawa zuwa aji za a iya kiransa motsa jiki?

Ƙwarai kuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 15 zuwa, minti 15 dawowa, kwana biyar: ga 150 ta cika, ba ka biya kuɗin wurin motsa jiki ba, ba ka kuma ware wani lokaci na daban ba. Sharaɗin dai shi ne tafiyar ta zama da ɗan sauri, irin wadda numfashi zai ɗan ɗaga amma za ka iya hira.

Ni a ganina ribar da ta fi wannan ita ce ta ƙwaƙwalwa. Ɗalibi yini yake a zaune, ido kan allo ko waya. Mintocin nan na takawa kan zama su kaɗai ne lokacin da tunaninsa ke samun sarari, kuma motsa jiki a kai a kai yana gyara barci, yana rage damuwa. Lokacin jarrabawa, da mutum ke jin ba shi da minti ɗaya na ɓatawa, a lokacin ya fi bukatar su.

Hayaƙin motocin da zan shaƙa fa, ba zai cinye amfanin ba?

Wani nazari da masana na Jami'ar Cambridge suka jagoranta a 2016 ya duba wannan, ya kuma samu cewa a kusan dukkan biranen duniya amfanin takawa da tuƙa keke ya rinjayi illar gurɓatacciyar iska. Na cikin mota ma bai tsira ba, domin hayaƙin motar gabansa yake zuƙa. Abin yi shi ne kauce wa babban titi in akwai layin da ke bin bayansa, ko da zai ƙara maka minti uku. Mai asma ya yi shawara da likitansa, ya kuma riƙa tafiya da maganinsa.

Gaskiya ina tsoron haɗari. Tsoron nawa yana da tushe?

Yana da shi, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun nuna mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, wato sa'anninka.

Babban abin da ke hannunka shi ne zaɓen hanya. Hanyar da direba zai bi ba lallai ita ce taka ba. Nemi wadda motoci ba sa gudu a kanta. In kana ƙasa kuma babu gefen masu tafiya, bi ɓangaren da za ka fuskanci motocin da ke tahowa, ka gan su su gan ka. In kana kan keke, akasin haka ne: bi hannun da motoci ke bi, domin direban da zai fito daga kwana ba ya duban inda ba ya tsammanin kowa. Bar tazarar kamar mita ɗaya tsakaninka da motocin da aka ajiye a gefen titi, saboda ƙofa kan buɗe ba sallama. Kada ka taɓa kutsawa ta gefen babbar mota ko bas a mahaɗa; akwai wuraren da direbanta ba ya gani ko da madubi, kuma in ta karya kwana tayoyin baya sukan yanko ciki. Waya a aljihu, kunne a buɗe.

Da dare, farar fitila a gaba, ja a baya, da tufa mai haske. Hular kwano tana rage raunin kai da wajen rabi, amma sai an ɗaure igiyarta a haɓa, kuma in ta taɓa buguwa da ƙarfi a canza ta. Ba ta hana haɗari faruwa, don haka ba ta maye gurbin abin da aka faɗa a sama.

Wane irin keke zan saya, kuma na hannu zai yi?

Zai yi sarai, sau da yawa ma shi ya fi dacewa da ɗalibi, don bai cika ɗaukar idon ɓarawo ba. Duba abu huɗu kafin ka biya: gangar jikin ba tsagewa ko lanƙwasa, birki biyun suna kamawa, ƙafafun suna juyawa ba tangaɗi, sarƙa ba ta ci tsatsa ba. Nemi shaidar cewa mai sayarwar shi ke da shi. Keken da aka yi masa arahar da ta wuce hankali, a bar shi.

Girma ya fi suna muhimmanci. Hau sirdi, ɗora diddigenka kan feda a lokacin da take ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak, tsawon ya yi. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke kawo ciwon gwiwa da saurin gajiya, kuma shi ne kuskuren da sababbin mahaya suka fi yi. Giya da yawa ba ta da amfani in hanyarka shimfiɗaɗɗiya ce. Abin da za ka gode wa kullum shi ne kariya ta baya (wurin ɗora kaya) ko kwando, da marufin taya mai tare ruwa da taɓo.

Ban iya gyara ba. In ya lalace a hanya fa?

Yawancin matsalar keke taya ce, kuma yawancin matsalar taya ƙarancin iska ne. Adadin iskar da take bukata a rubuce yake a gefenta. Duba ta sau ɗaya a mako. Ɗiga wa sarƙa mai duk bayan 'yan makonni, ka goge wanda ya yi yawa da tsumma, in ba haka ba ƙura ta manne. Koyi yin faci tun kana gida, hankali kwance: rabin awa ya isa. Ɗan famfo da kayan faci ba su fi aljihun jaka ba. Abin da ya shafi birki ko ƙafar da ta karkace, kai wa mai gyara.

Yaya zan kare shi daga sata?

Siririyar waya mai kwaɗo ba ta ɗaukar ɓarawo ko minti ɗaya. Sayi makulli na ƙarfe mai kauri, ka ɗaure gangar jikin keken, ba ƙafar gaba kaɗai ba, a jikin abin da aka kafe a ƙasa. Wurin da jama'a ke wucewa ya fi lungu. Juya keken ka duba ƙarƙashin inda fedoji ke haɗuwa, a nan galibi lambarsa take. Ɗauki hotonta da na keken gaba ɗaya. Ba tare da lambar nan ba, ko an gano shi da wuya ka tabbatar naka ne.

Zan isa aji jiƙe da gumi, ko ruwa ya dake ni. Ya zan yi?

Rage gudu. Bambancin mai tsere da mai tafiya a natse a kilomita huɗu bai wuce 'yan mintoci ba, amma bambancin gumin mai yawa ne. Sauke jaka daga bayanka zuwa kariya, domin ita ce ke jiƙa riga, ita ce kuma ke gajiyar da kafaɗa in da kwamfuta a ciki. Fita da wuri ka samu minti biyar na shan iska. Ruwan sha kada ya bar jakarka lokacin zafi. Tufa mai faɗi ko tsawo a tattare ta daga ɓangaren sarƙa, ko a sa wa sarƙar marufi.

Ranar ruwa, rigar ruwa da leda mai kauri ta littattafai sun wadatar, sai dai ka tuna birki ba ya kamawa da wuri a jiƙe. Ranar da ruwan ya yi ƙarfi ko ana tsawa, ajiye keken ka nemi mota. Duba amsar da ke biye. Wanda ya hau keke kwana huɗu ya shiga mota ɗaya bai karya wata doka ba.

Mene ne haɗakar mota? Na ji ana faɗin iri-iri.

Iri biyu ne, kuma akan cakuɗa su. Na farko: mutum yana da mota, hanyarku ɗaya, ya rage muku hanya ku yi karo-karon kuɗin mai, ko masu motoci su riƙa karɓa-karɓa. Ana shirya shi baki da baki, ko ta manhaja irin BlaBlaCar da aka kafa a Faransa a 2006. Na biyu: motar ba ta kowa ba ce a cikinku, ta kamfani ce ko ƙungiya, ka yi rajista, ka ɗauke ta na awa biyu ka mayar. Zipcar, da ta fara a Amurka a 2000, misali ce, kuma ta shiga harabar jami'o'i da dama.

Hikimar duka biyun ɗaya ce. Motar gida takan shafe wajen kashi 95 cikin 100 na lokacinta a ajiye, in ta motsa kuma yawanci kujerun fasinja babu kowa. Ga ɗalibin da mota ke yi masa amfani sau biyu ko uku a wata, nau'i na biyu yana sauke masa inshora, gyara da kuɗin ajiyewa. Sai dai kamfanonin suna da ƙa'idar shekaru da ta daɗewar lasisi, a karanta kafin a yi rajista. Kiran tasi ta manhaja kai kaɗai ba ya cikin wannan lissafi. Mota ɗaya ce ɗauke da fasinja ɗaya, har da tafiyar da ta yi ba kowa kafin ta iso ka.

Ta yaya za mu raba kuɗi ba tare da an ɓata ba?

A nan ne yawancin haɗaka ke watsewa, kuma ba kuɗin ne ke watsa ta ba, kunyar yin maganarsa ce. Ku zauna tun ranar farko. Ku lissafa man da tafiyar ke ci a mako kamar yadda aka yi a amsar hayaƙi a sama, ku ƙara kuɗin ajiyewa da ɗan wani abu na taya da juyen mai, domin mota ba mai kaɗai take ci ba. Ku raba har da mai motar. Ku sa ranar biya, farkon mako ya fi ƙarshensa.

Sai lokaci. Wurin haɗuwa ɗaya ya fi bin kowa ƙofar gidansa. A yanke minti nawa ake jira, biyar misali, kuma in sun cika a tafi ba tare da kowa ya ji haushi ba. Wanda ba zai zo ba ya faɗa tun dare. Mai motar ma haka, kuma nauyin ya fi yawa a kansa, domin in ya fasa mutum uku ne za su rasa lacca. Shi ya sa kowa ya san motar hayar da zai bi in hakan ta faru. Ranar jarrabawa a ƙara rabin awa. Ƙananan abubuwa irin su sauti, sanyaya mota da ci a ciki, a faɗe su da wuri tun ba su zama ƙulli a zuci ba.

Wani abu da ake mantawa: a ƙasashe da yawa raba kuɗin tafiya daban yake da cin riba. Da zarar mai mota ya fara samun riba, doka da kamfanin inshora za su iya ɗaukarsa ɗan haya, inshorarsa ta ƙi biya in an yi haɗari. Ya tambayi kamfaninsa kafin a fara.

Ni mace ce. Shiga motar wanda ban sani ba, ko tafiya ni kaɗai da dare, ba ya kwanta min.

Ki bi abin da zuciyarki ta faɗa miki, ba sai kin ba kowa dalili ba. Ki fara da 'yan ajinku ko waɗanda wata da kika yarda da ita ta sani. In ta manhaja ce, ki duba bayanan direba da abin da fasinjojin baya suka rubuta, ki tabbatar lambar motar ta dace kafin ki shiga. Wasu manhajojin suna da zaɓin mata zalla. Ki tura wa wata lambar motar da inda kike. Bel kuwa ko a kujerar baya ki ɗaura, kuma direban da ya sha wani abu, ko yake latsa waya, ko yake gudun ganganci, ki ce ya tsaya ki sauka a wurin da akwai jama'a.

Da dare, hanya mai fitila da mutane ta fi gajeriya mai duhu. Ku haɗa lokacin tashi daga laburare ke da wasu. Jami'o'i da yawa suna da motar dare ko masu rakiya, ki tambaya tun makon farko, ki ajiye lambar.

Ba ni da wurin ajiye keke. Keken haya ko mai batir fa?

In garinku na da keken haya na jama'a, irin Vélib' da Paris ta buɗe a 2007 ko wanda birnin Hangzhou na ƙasar Sin ya fara a 2008, to sata da gyara sun fita daga wuyanka. Tambayi ko akwai rangwamen ɗalibai, ka kuma lura da safe tashoshin kusa da masauki kan ƙare da wuri. Keke mai batir yana mayar da kilomita 12 ko hanya mai hawa abin da za a iya yi kullum; a Tarayyar Turai injinsa yana daina taimakawa a gudun kilomita 25 a awa. Batirinsa na iya kamawa da wuta: cajarsa ta asali kawai, kada a bar shi a caji a kwanta, kada kuma a yi cajin a bakin ƙofar fita.

Ina da lalurar da ba zan iya doguwar tafiya ko hawa keke ba. An bar ni a baya ke nan?

A'a. In mota ce ƙafarka, hau motarka da kwanciyar rai. Hasali ma duk mai lafiyar da ya bar tasa a gida ya sakar maka wurin ajiyewa kusa da ƙofa. Akwai kekuna masu ƙafa uku da waɗanda ake tuƙawa da hannu ga mai sha'awa, kuma shimfiɗaɗɗiyar hanya marar matakala da masu keke ke nema ita ce mai keken guragu ke bukata.

Makarantarmu ba ta yi tanadin komai ba. Me ɗalibai za su iya nema?

Wuraren da ake misali da su yau ba haka aka same su ba. A Holan, mutum kimanin 3,300 suka mutu a haɗarin hanya a 1971, sama da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga, matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara, sannan aka fara sake fasalin tituna. Groningen, garin ɗalibai, ya raba tsakiyarsa gida huɗu a 1977 yadda mota ba za ta ratsa daga wannan zuwa wancan kai tsaye ba, amma keke zai wuce. Yau tashar jirgin ƙasa ta Utrecht tana da wurin ajiye keke 12,500. A Amurka ma, garin Davis na jihar Kalifoniya, wanda jami'a ce ƙashin bayansa, shi ya fara shata layin keke a titi a 1967.

Ku fara da abin da shugabannin makaranta za su iya sa wa hannu cikin zango ɗaya: ƙarafunan ɗaure keke masu rumfa a bakin manyan azuzuwa, fitila a hanyar masauki, wurin tsallaka titi a babbar ƙofa, rage gudu zuwa kilomita 30 a awa ko ƙasa da haka a cikin haraba, da keɓe wuraren ajiyewa mafi kusa ga motar da ta ɗauko mutum uku. Hujjar da ta fi shiga kunnensu ita ce ta fili: gurbin mota ɗaya yana ɗaukar keke wajen goma.

Kada ku je da koke kawai, ku je da lissafi. Mutum biyu su tsaya a ƙofa daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe har kwana uku, su ƙirga masu ƙafa, masu keke, da motocin da direba ne kaɗai a ciki. Ku ɗauki hoton kekunan da aka ɗaure a jikin bishiya da shinge, ku yi alama a taswira inda aka taɓa buge wani. Ranar 3 ga Yuni, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, ko 22 ga Satumba da birane da yawa ke yin ranar ajiye mota, lokaci ne mai kyau na miƙa takardar ta hannun ƙungiyar ɗalibai.